Eksom, Jinom ko Ƙirgen Maimaici: Wane Gwajin Gado Ya Dace da Mai Ciwon Motsi?

Idan likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya duba mai karkarwar hannu, ko mai tangaɗi a tafiya alhali bai sha komai ba, ko yaron da ƙafarsa ke murɗewa, ya ce sai an yi gwajin ƙwayoyin gado, iyalai da yawa sukan ɗauka gwaji ɗaya ne, irin na rukunin jini: a ɗebi jini, a kai, a dawo da amsa. Alhali hanyoyin sun kai shida ko bakwai, kowace da abin da take gani da kuma inda ta makance. Abin da ya fi ruɗa mutane shi ne, mai tsadar ba lallai ta ga abin da mai arahar ke gani ba. Mutum na iya biyan kuɗin karanta ƙwayoyin gadonsa kusan 20,000, takarda ta dawo da cewa ba a ga komai ba, alhali cutar da ke jikinsa ƙaramin gwaji ne zai kama ta cikin 'yan makonni.

Dalilin haka yana cikin irin kuskuren da ake nema. DNA rubutu ne da haruffa huɗu, A da C da G da T, kimanin biliyan 3, kuma kowane ɗa kwafi biyu yake karɓa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai kwafar littafi da hannu kuskure uku yakan yi: ya musanya harafi da wani, ya tsallake shafi ko ya kwafe shi sau biyu, ko kuma hannunsa ya maƙale a kalma ɗaya ya yi ta maimaita ta har ta cika layi. A yawancin cututtukan gado, kuskuren farko ne ya fi yawa, kuma sababbin na'urori a kansa suka ƙware. A cututtukan motsi kuwa, na ukun yana da babban kaso: Huntington (mai sa jiki motsin da mutum bai yi niyya ba), ataksiyar Friedreich (ataksiya ita ce ciwon tangaɗi), da mafi yawan ataksiyoyin da ke bin zuri'a daga iyaye zuwa 'ya'ya, duk maimaici ne. Saboda haka tambayar farko ba "wane gwaji ya fi girma" ba ce. Tambayar ita ce, wane irin kuskure likita yake zargi.

Ƙirgen maimaici

Mu fara da tsohuwar hanya, don har yau ita ce ke rufa asiri. A 1993 aka gano ƙwayar gadon Huntington a kuromosom na 4, bayan shekaru goma da samun alamarta ta farko a 1983, aikin da ya dogara ƙwarai da jinin manyan zuri'o'in da ke zaune a gaɓar tafkin Marakaibo a Benezuwela. A cikin ƙwayar akwai haruffa uku, CAG, da ke maimaituwa. Ana amfani da PCR, wato dabarar ninka guntun DNA a ɗakin gwaji, a hayayyafa wannan ɗan yankin, a auna tsawonsa, a fitar da adadi. Takardar sakamako takan zo da lamba biyu kawai, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, misali 17 da 43. Daga 26 zuwa ƙasa lafiya lau. Daga 27 zuwa 35 mutum ba zai kamu ba, amma adadin na iya ƙaruwa a jikin 'ya'yansa, musamman idan ta wajen uba ya biyo. Daga 36 zuwa 39 cutar na iya fitowa, tana iya ƙin fitowa. Daga 40 zuwa sama za ta fito in rai ya yi tsawo. Wancan 43 ɗin, ke nan, amsa ce da ba ta bar wurin gardama ba. Da wuya ka sami wani gwaji a wannan fanni mai yanke magana haka.

Haka ake yi wa ataksiyoyin da ake kira SCA, waɗanda ire-irensu suka haura 40. An gano ta 1 a 1993. Ta 2 ta yi katutu a lardin Holguin na Kyuba, ta 3 ita ce cutar Machado-Joseph da aka fara sani a zuri'o'in tsibiran Azores, ta 7 kuma takan haɗa da lalacewar gani, kuma an same ta sosai a iyalan baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu. Ɗakunan gwaji sukan haɗa ta 1, 2, 3, 6 da 7 a gwaji guda. Wanda tangaɗi ya kama shi yana babba, kuma mahaifinsa ko mahaifiyarsa sun yi irinsa, daga nan ya kamata ya fara, ba daga eksom ba, wato babban gwajin da ke karanta ƙwayoyin gado duka a lokaci guda.

Wannan hanya tana da tarko ɗaya da ya kamata a sani. Idan maimaicin ya yi tsawo ƙwarai, PCR na yau da kullum yakan gaza hayayyafa shi, sai ya fito da gajeren kwafin kawai, a ga kamar mutum na da lamba ɗaya sau biyu, 17 da 17. A ataksiyar Friedreich, wadda aka gano tushenta a 1996, haruffan GAA na iya maimaituwa sau ɗaruruwa har su haura 1,000. Shi ya sa aka ƙirƙiro wani nau'in PCR a 1996 wanda ke kama maimaicin daga cikinsa, yana nuna cewa akwai dogon ko da bai iya faɗin tsawonsa daidai ba. In ana son tsawon, a da sai a koma ga hanyar Southern ta 1975, mai cin lokaci da cin jini. Duk wanda ya ga lamba ɗaya sau biyu a takardar mara lafiya mai alamomi ƙarara, yana da haƙƙin ya tambaya ko an yi wannan gwaji na biyu.

Iyakarta a fili take: abin da ka tambaya shi kaɗai za ta amsa. A nan ne asalin mutum ke shigowa. Akwai cutar da ba ta da maraba da Huntington a ido, ana ce mata HDL2, an bayyana ta a 2001, tushenta a ƙwayar JPH3 a kuromosom na 16, kuma kusan duk waɗanda aka samu da ita jinin Afirka ne. Ga Bature mai alamomin Huntington da gwajinsa ya fito ba komai, maimaicin wata ƙwaya mai suna C9orf72 aka fi zarga. Ga mai jinin Afirka, JPH3 ce ta gaba. Likitan da ya tsaya a gwajin farko ya ce wa iyali "ba gado ba ne" ya yi gaggawa.

Hanyar Sanger ta 1977 ba ta buƙatar dogon bayani. Tana karanta haruffa ɗaruruwa a lokaci guda, cikin tsanaki, kuma amfaninta a yau shi ne inda an riga an san kuskuren. Idan an gano musanyar harafi a jikin wa, ba sai an yi wa ƙane eksom ba: a kai takardar wan, a duba wannan gurbin kaɗai, a kuɗi kaɗan. Iyalai da yawa suna asarar kuɗi a nan, don kowa na zuwa asibitinsa daban ba tare da takardar ɗan'uwansa ba.

MLPA, wadda aka fito da ita a Amsterdam a 2002, aikinta ƙirga shafuka: wanda ya ɓace da wanda ya ninku. Tana da muhimmanci ga wanda cutar Parkinson ta kama kafin shekara 40, domin ƙwayar PRKN, wadda masu bincike a Japan suka gano a 1998, sau da yawa ɓangare guda ne ke ɓacewa daga cikinta ko ya ninku. Haka SNCA, wadda ninkuwarta kaɗai ke jawo cutar, da SPAST ta masu sandarewar ƙafafu ta gado. Wasu ɗakunan gwaji yanzu suna iya hango irin wannan daga bayanan eksom, wasu ba sa yi. Sai an tambaya.

Rukuni, eksom da jinom

Daga wajen 2005 aka sami na'urorin da ke daddatsa DNA gutsi-gutsi, su karanta miliyoyin gutsattsarin a lokaci guda, kwamfuta ta jera su bisa tsarin da aka riga aka sani. Kowane gutsure haruffa 150 ne ko kusa da haka. Ka riƙe wannan lambar, za ta dawo. A kan wannan fasaha aka gina gwaje-gwaje uku da aka fi tallatawa yau.

Gwajin rukuni yakan zaɓi ƙwayoyin gado goma-goma ko ɗaruruwa da aka san suna da hannu a ciwo ɗaya, a ce distoniya (murɗewar jiki) ko Parkinson, ya karanta su da kyau. Ya fi eksom araha a yawancin wurare, sakamako ya fi saurin fitowa, kuma ba ya tono abin da ba a tambaya ba. Aibinsa tsufa. Ƙwayar KMT2B, wadda yanzu aka san tana cikin manyan dalilan distoniyar yara, sai a ƙarshen 2016 aka bayyana ta. Duk rukunin da aka tsara kafin nan babu ita, kuma yaron da aka yi wa shi ya fito ba komai, ba don ba shi da ita ba. Abin takaicin shi ne masu KMT2B suna cikin waɗanda tiyatar dasa waya a ƙwaƙwalwa ke yi wa amfani sosai.

Eksom, wanda aka fara gano cuta da shi a 2009, yana karanta sassan da ake haɗa furotin da su a duk ƙwayoyin gado, wato kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na DNA. Fa'idarsa babba ita ce ba ya tsufa irin na rukuni: bayanan suna nan ajiye, in an gano sabuwar ƙwaya baɗi sai a sake dubawa ba tare da ɗibar jini ba. Ɗakunan gwaji da dama ma eksom suke yi a ɓoye, su buɗe ƙwayoyin da aka biya kuɗinsu kawai su kira shi rukuni, don haka yana da kyau a tambaya ko za a iya buɗe sauran daga baya da ƙarin kuɗi kaɗan. Inda eksom ya fi haskakawa shi ne yaro ko matashi mai ciwon da ya haɗa abubuwa da yawa: murɗewar jiki da jinkirin magana, ko tangaɗi da farfaɗiya. A wani babban bincike kan masu distoniya da aka buga a 2020, an sami amsa a kusan iyali ɗaya cikin biyar, kuma rabon ya fi haka nesa ba kusa ba a waɗanda ciwon ya fara musu tun ƙuruciya ya kuma haɗa da wasu alamomi. Wanda wuyansa kaɗai ya karkace yana da shekara 50, da wuya eksom ya ce masa wani abu.

In da hali, a yi shi mutum uku: yaro da uwa da uba. Da haka ake gane kuskuren da ya faro daga yaron, babu shi a iyaye, da kuma wanda ya zo ɗaya daga nan ɗaya daga can, kamar yadda sikila ke zuwa. Wannan nau'i na biyu ya fi yawa inda iyaye 'yan'uwan juna ne, kuma eksom na da ƙarfi sosai a kansa. Kuɗin mutum uku ya fi na ɗaya, amma yakan rage ruɗanin da ke biyo baya.

To, ina eksom ya makance? Na farko, duk abin da ke tsakanin sassan furotin ba ya karanta shi, kuma can ne maimaicin Friedreich yake, can ne na C9orf72, can ne kuskuren TAF1 da ke jawo distoniyar mazan tsibirin Panay a Filifin. Na biyu, ko maimaicin da ke cikin sashen da yake karantawa yakan ba shi wahala. CAG sau 43 haruffa 129 ne. Gutsure mai haruffa 150 da ƙyar zai haɗiye shi ya bar ɗan gefe da za a gane inda ya fito. In ya kai sau 60, gutsuren gaba ɗaya CAG ne daga farko har ƙarshe, kwamfuta ta rasa inda za ta ajiye shi. Akwai manhajojin da ke ƙoƙarin ƙiyasta tsawon daga eksom, amma ba kowane ɗakin gwaji ke amfani da su ba, kuma in ba a rubuta a takarda cewa an duba maimaici ba, to a ɗauka ba a duba ba. Na uku, ƙwayar GBA1, mafi yawan abin da ke ƙara haɗarin Parkinson, tana da wata tagwaniya marar aiki a kusa da ita mai kama da ita matuƙa, gajerun gutsattsari sukan rikita su.

A ganina, wannan ne wurin da aka fi yaudarar iyalai, ba da mugun nufi ba. Jimlar "an karanta duk ƙwayoyin gadonka" gaskiya ce, amma mai jin ta yana fahimtar "an duba komai". Babba mai tangaɗi da aka tura kai tsaye zuwa eksom an tsallake masa ƙofar da ta fi kusa.

Jinom yana karanta kusan komai, har da tsakanin. Aikin karanta jinom na farko da aka kammala a 2003 ya ci dala biliyan kusan 3, yau kuwa kuɗin karatun kansa ya sauko ƙasa da dala 1,000, ko da yake abin da asibiti ke caja ya haɗa da ladan masu fassara, kuma fassarar ce mai wuya. Jinom ya fi eksom iya ganin shafin da ya ɓace, kuma tun da aka fito da manhajar ExpansionHunter a 2017 ya fara kama maimaici da kyau. Wani bincike na Ingila da aka buga a 2022, bisa bayanan shirin karanta jinom 100,000, ya nuna yana kama kusan duk sanannun maimaici da PCR ya tabbatar. Hukumar lafiya ta Ingila ta sanya shi cikin gwajin da take yi wa masu ataksiyar gado. Duk da haka har yanzu gutsattsarin 150 ne: zai ce maka akwai dogon maimaici, ba zai iya auna mai tsawo sosai ba, kuma sai an tabbatar da PCR. Ga wanda zai iya samunsa, daga ɗakin gwajin da ya rubuta ƙarara cewa yana duba maimaici, jinom ya fi biyan kuɗin rukuni, a dawo a biya na MLPA, a dawo a biya na eksom. Ga wanda alamominsa suka nuna cuta ɗaya sak, ɓarnar kuɗi ne.

Sabuwar shigowa ita ce dogon karatu, ta kamfanonin PacBio da Oxford Nanopore. Na'urar Nanopore ƙarama, MinION, wadda ta fito a 2014, ba ta kai girman wayar hannu ba. Ana zura zaren DNA ta wani ɗan rami na furotin da lantarki ke ratsawa, kowane jerin haruffa na canja ƙarfin lantarkin ta yadda ya keɓanta da shi, kwamfuta na mayar da wannan hawa da sauka zuwa rubutu. Zare ɗaya na iya kai haruffa dubu goma-goma, don haka maimaicin duk tsawonsa yana shiga ciki har da gefensa biyu. Tana kuma ganin abin da ƙirge ba ya gani, wato abin da ke cikin maimaicin. A cutar RFC1, wadda aka bayyana a 2019, mai haɗa tangaɗi da mutuwar jijiyoyin ƙafa da jiri da tari mai naci, ba tsawo kaɗai ne magana ba: mutane da yawa na da AAAAG mai tsawo suna lafiya, AAGGG ce ke kawo ciwo. A Huntington ma an gano cewa rashin wani ɗan katsewa na CAA a ƙarshen jerin yana sa cutar ta fito da wuri. Matsalar dogon karatu a yau ita ce ɗakunan gwajin da aka amince su ba da sakamakon asibiti da shi ba su da yawa, kuma yana son DNA da bai kakkarye ba, wato jini mai kyau ba yawun da ya kwana a hanya ba. Ni dai ina ganin nan gaba shi zai haɗiye yawancin waɗannan hanyoyi. A yanzu wurinsa shi ne bayan an yi sauran an rasa, ga kuma zuri'a da ciwon ke bi a fili.

Kafin a kashe ko sisi

Akwai cututtukan da ba a jira sakamakon gado kafin a nemo su, don suna da magani kuma jinkiri na ɓarna. Duk matashi mai karkarwa, murɗewa, sauyin hali ko nauyin baki, a duba masa cutar Wilson, wadda tagulla ke taruwa a hanta da ƙwaƙwalwa. Gwajin seruloplasmin (furotin mai ɗaukar tagulla) a jini, tagullar fitsarin awa 24, da duba ido don neman zoben ruwan ƙasa a gefen baƙin ido sun fi gwajin ƙwayar gadon cutar, ATP7B, sauri da araha. Gwajin gadon ya fi amfani daga baya, wajen tace ƙanne da yayye kafin ciwon ya taɓa su.

Ga kuma yarinyar da ke tashi da safe tana tafiya kusan daidai, zuwa la'asar tafin ƙafarta ya karkace ciki tana taka gefensa, da magariba sai an ɗauke ta, ta yi barci ta wayi gari da sauƙi. Irin waɗannan yara an sha rubuta musu shanyewar ƙwaƙwalwa ta haihuwa, su shekara a keken guragu. Cutar Segawa ce, tushenta mafi yawa a GCH1, kuma ɗan ƙaramin levodopa, maganin da ake ba masu Parkinson, na iya miƙar da yaron cikin kwanaki. Gwada maganin a hannun likita shi kansa gwaji ne, kuma ya riga kowace na'ura ba da amsa. Haka mai murɗewar daƙiƙu kaɗan duk sanda ya zabura ya miƙe, wadda PRRT2 ke jawowa kuma maganin farfaɗiya karbamazefin kaɗan ke kwantarwa, da tangaɗin ƙarancin bitamin E. Ita ma Friedreich ta sami maganinta na farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, wanda ke rage saurin ciwon, ba warkarwa ba.

Kada kuma a manta da abin da ba gado ba ne sam: magungunan amai da na taɓin hankali irin su metoklopramid da haloperidol, barasa, ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo mai sa karkarwa. Ita kuwa karkarwar hannu da ke bin gida, wadda ke fitowa in an ɗaga kofi, duk da tana gado, babu gwajin da zai tabbatar da ita a yau.

Parkinson na buƙatar magana ta daban, don a nan tallar ta fi yawa. A wani babban shiri da ya gwada dubban masu cutar a Arewacin Amurka, kimanin 13 cikin 100 ne aka samu da wani abu a sanannun ƙwayoyi bakwai, akasari GBA1 da LRRK2. Waɗannan biyun ba hukunci ba ne, mutane da yawa na ɗauke da su har su tsufa ba su kamu ba. Wanda ya fi cin riba shi ne wanda ciwon ya kama kafin 50, ko mai 'yan'uwa na jini da suka yi, ko mai son shiga gwajin sababbin magunguna. Ƙaramin rukuni haɗe da MLPA ya ishe shi. Gwajin yawu da ake saye ta intanet kuwa, wanda aka ba kamfanin 23andMe izinin yi a Amurka a 2017, gurabe ƙalilan yake dubawa, kamar G2019S na LRRK2. Wannan gurbin ya yawaita a Larabawa da Berber na Arewacin Afirka da Yahudawan Ashkenazi, amma da wuya a same shi kudu da Sahara. Sai a 2023 wani bincike da 'yan Nijeriya da yawa suka shiga ya gano wani sauyi a GBA1 da ya keɓanta da masu jinin Afirka, yana kuma zaune a sashen da eksom ba ya nufa. "Ba a ga komai ba" daga irin wancan gwajin yawu ba ta wanke kowa ba.

Wannan ya kawo mu ga sakamako na uku, wanda ba e ba, ba a'a ba. Tun 2015 ɗakunan gwaji ke bin ƙa'idar kasa kowane sauyi gida biyar, na tsakiyar shi ne wanda ba a san ma'anarsa ba. Gwargwadon faɗin gwaji, gwargwadon yawan irinsa. Masu jinin Afirka sun fi samunsa, don DNA ɗinsu ya fi na kowa bambance-bambance, rumbunan da ake kwatantawa da su kuma Turawa suka fi yawa a ciki. Ba a canja magani saboda shi, ba a gwada 'yan'uwa masu lafiya da shi, ba a fasa aure a kansa. Wannan ma hujja ce ta fara da ƙaramin gwaji idan alamomi sun nuna hanya. Eksom da jinom kuma na iya tono abin da ba a je nema ba, kamar haɗarin sankarar mama ko ciwon zuciya na gado, kuma ana tambayar mutum tun kafin a ɗebi jini ko yana son a faɗa masa. A karanta wannan layin kafin a sa hannu.

Duk abin da aka faɗa zuwa nan game da mara lafiya ne. Gwada mai lafiya don a ga ko zai kamu wani al'amari ne dabam, ko da na'urar ɗaya ce. A Huntington, inda kowane ɗa ke da rabi da rabi, ƙa'idojin duniya na 1994 da aka sabunta a 2013 sun ce sai an zauna da mai ba da shawara fiye da sau ɗaya, a bar tazara ta tunani, a ba da sakamako ido da ido, kuma ba a gwada yaron da bai kai 18 ba matuƙar ba shi da alamomi, ko da iyaye sun matsa. A yawancin ƙasashen da aka ƙirga, waɗanda suka zaɓi su sani ba su kai ɗaya cikin biyar ba, kuma ƙin sani ba tsoro ba ne, haƙƙi ne. Sakamakon jika na iya fallasa na uban da bai so ya sani ba. Dokoki ma sun bambanta: ta Amurka ta 2008 ta hana wariya a aiki da inshorar lafiya amma ba ta rufe inshorar rai ba, a Birtaniya kuma sai inshorar rai ta haura fam 500,000 ake neman mutum ya bayyana sakamakon Huntington. A kowane hali, wanda ke da ciwon ake fara gwadawa. In ba a san kuskuren gidan ba, "ba komai" a takardar mai lafiya ba ta da nauyi.

Saura waɗanda suka riga suka yi gwaji shekarun baya aka ce babu. A ɗauko takardar a duba shekararta. Mai tangaɗin da ya fara bayan shekara 50, in an gwada shi kafin 2019 ba a duba masa RFC1 ba, in kafin ƙarshen 2022 ne ba a duba FGF14 ba, wadda maimaicin GAA sau 250 zuwa sama a cikinta ya zama ɗaya daga manyan dalilan tangaɗin manya, kuma rahotannin farko sun nuna maganin 4-aminopiridin na rage wa wasunsu. Dukansu biyu ƙaramin gwaji ne na musamman, ba sai an sake komai daga tushe ba. Wanda ya yi eksom ko jinom kuma ya nemi a sake nazarin bayanansa bayan shekara biyu ko uku, ya tambayi ɗakin gwajin tsawon lokacin da suke ajiye ɗanyen bayanan, ya kuma nemi a ba shi kwafinsu kafin wa'adin ya cika.